Mutumin da ke fuskar wayata

Shekara biyu bayan 'yan bindiga sun kore mu daga ƙauyenmu can gefen Turba, ina zaune Isa, ba gona, ba shanu. Aikina tsaron rumfar ƙanen matata, mai gyaran waya a bakin kasuwa. Shi ya yi boko har ya ƙare. Ni aji huɗu na tsaya, da ƙyar nake haɗa baƙi. Shi ya ba ni wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ya sa mani wani wasa a ciki.

"Yaya, riƙa danna wanga," ya ce. "Ka bar zama kana harar mutane, kana kore mani masu kawo gyara."

Na ɗauka shirme ne. Amma kafin a fara wasan, sai an ba ka mutum daga shi sai ɗan wando, an ce ka shirya shi yadda kake so. Tsawo, faɗin kafaɗa, hanci, gemu, har launin ido. Kwana ukku na yi a kansa. Na yi shi dogo, baƙi kamar ni. Na nemi tsagar Gobir irin ta kumatuna ban samu ba, masu wasan ba su san da mu ba, sai na sa mashi tabon sara a kunci. Daga baya ya samu takobi da baka da baƙin rawani mai rufe baki.

Tun da nake, ba a taɓa tambayata abin da nake so in zama ba. Ranar da anka shigo garinmu, cikin dawa na kwanta, ina jin ana kora shanuna, ban ɗaga kai ba. Wanga mutum kuwa ba ya kwanciya. In dodanni sun taso wa gari, shi ke fita ya tare su bakin ƙofa. In an kashe shi ya tashi ya koma. Ina danna shi sai in ji ƙirjina ya buɗe. Shi ya sa na ɗauki hotonsa na sa a fuskar wayata, inda mutane ke sa malaminsu ko ɗan siyasarsu ko duk wanda suke bi. Ni ba ni da wanda nake bi.

Wata rana da hantsi na shiga bas za ni Sabon Birni gaisuwar mutuwa. Mun yi nisa sai munka iske an gitta icce a hanya. 'Yan sa-kai ne, su shida ko bakwai, da bindigogin toka da riguna cike da layu. A lokacin duk wanda anka tsayar sai an duba wayarsa, don ana neman infoma, masu kai wa ɓarayin daji labari. Kowa ya san wanda anka samu da hoton da bai dace ba, ba ofishin 'yan sanda ake kai shi ba. Bayan geza ake zagayawa da shi.

Babbansu wani tsohon maharbi ne, ido ɗaya ya yi fari. Ya karɓi tawa, ya danna, ya daɗe shina kallo.

"Wa ke nan?"

"Baba, wasa ne."

"Wasa." Ya juya wayar ga sauran. "Ku dubi rawani. Ku dubi daji bayansa. Kai, ubangidanka ne? Wane daji yake?"

"Wallahi ba mutum ba ne, Baba. Ni na yi shi."

"Kai ka yi shi. To, ashe yau mun kama mai halitta."

Ba wanda ya yi dariya. Wani ya kama wuyan rigata ya fitar da ni daga layi, ya durƙusar da ni a kan tsakuwa. Na ji bakin bindiga a ƙeyata, da ɗumi, rana ta gasa shi. Na dubi mutanen motarmu. Akwai wanda munka yi shekara muna salla sahu ɗaya a Isa. Ƙasa yake kallo. Direba ya koma ya tada mota, shina jiran a ɗauke icce.

"Baba, ka ba ni ita," na ce. "Za ni canza mashi kama a gabanka. In mutum ne ai ba ya canzuwa."

Tsohon ya jefo mani ita. "In ka kira wani, kai ka sani."

Sau biyu ina kuskuren danna wurin. Wasan ya ɗauki lokacinsa kafin ya buɗe, kamar kullum, wani ɗan zobe shina juyawa. Sai na tuna masifar: in an riga an fara wasa, ba a canza kama sai an kai shi wurin wanzami, cikin birnin wasan. Ni kuwa na bar mutumin nawa can bakin wani kogi.

Haka na kama shi da gudu. Ya ƙetare gada, ya bi ta gonaki, takobi na lilo a bayansa. Zufa na ɗiga a gilashin, ina sharewa da babban yatsa. Wasu kuraye sunka biyo shi, ban tsaya ba. Ni da ban taɓa bari ya juya wa kowa baya ba.

"Shina motsi," wani ya ce bisa kaina. "Bidiyo ne. An ɗauko shi."

"Bari dai ya kai," in ji tsohon.

Ya kai. Ya zauna kujerar wanzami. Na cire rawanin. Na aske gemun, na share tabon.

"Ƙara," tsohon ya ce. Ya sunkuyo har ina jin warin tabarsa.

Na rage mashi tsawo. Na kumbura mashi ciki. Wanda ya ɗora mani bindiga ya ce in yi mashi sanƙo, na yi. Wani ya ce kunnuwa, na ja su sunka yi kamar na jaki. Nan dariya ta ɓarke. Kowa na faɗin nashi, a sa mashi jan baki, a mai da shi fari, a ba shi rigar mata. Duk na yi. Ni ma ina dariya, haƙorana na haɗuwa.

"Bar shi haka," tsohon ya ce. "Shi za ka sa a fuskar. In na sake ganin wancan, ba ni tambaya."

Na danna, na tabbatar, na nuna mashi. Ya buga mani wayar a kai, ba da ƙarfi ba. "Ƙato da kai, da furfura. Tashi."

Na karɓi wayata. Da rarrafe na kai ga mota. Ba wanda ya ce mani sannu har Sabon Birni, kuma na kusa da ni ya matsa, don wandona ya jiƙe.

Na san zan iya komawa wurin wanzamin in mai da shi yadda yake. Sau ɗaya na kai shi har ƙofa, sai na ji ƙeyata ta yi ɗumi, na juya. Har yau da gajeren nan mai sanƙo da rigar mata nake wasa. Takobin bai rage kaifi ba, dodanni na faɗuwa kamar da. Amma in za ni hau hanyar Sabon Birni, sai na duba fuskar wayar sau biyu tun a tasha, in tabbata shi ne ke nan.