Takardar Oddvar da Sabon Babur

Duk wanda ya taso a garinmu, can ƙuryar arewacin Norway, ya san Oddvar da sanduna. Shekara talatin shi ke kafa su a kan dusar ƙanƙara, masu jan ƙyalle a ka, don masu babur ɗin ƙanƙara su san inda doka ta yarda a bi. Ni maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma na sha jin yana wa samari faɗa a kan barin hanya. Ko da ya ajiye aiki, bakin bai ajiye ba.

Matarsa Gunvor tana da bukkar katako da ta gada wurin mahaifinta, a bakin wani tafki, nesa da hanyar sanduna. Ba a zuwa can da babur sai da takardar izini daga ofishin gunduma. Shekara uku ciwon ƙugu ya hana ta zuwa. Bana aka yi mata aiki, likita ya ce za ta iya zama a keken ja, wanda babur ke ja a baya, in an shimfiɗa mata fatu. Hutun Ista kaɗai ya rage musu, don bayansa ƙanƙarar tafkin takan fara laushi.

To, ku zo ku ga shiri. Sati guda Oddvar yana abu ɗaya. Ya je tafkin farko da ke kan hanyarsu ya huda ƙanƙara ya auna kaurinta. Ya jera gatari, igiya, shebur, man fetur na ƙari, busassun safa, ashana a cikin kwalba, da butar kofi wadda ta girme ni. Hulunan kwano biyu ya goge su har suna ɗaukar ido. Ya kawo mini takarda, ya rubuta hanyar da za su bi da ranar dawowa, ya ce in Litinin ta wuce ban ga hayaƙi a gidansu ba, in kira masu ceto.

Ranar Laraba dab da tsakar rana ina wurinsu muna shan kofi, Gunvor ta ce ya miƙo mata takardar izinin ta sa a leda. Ta ɗora tabarau, ta karanta, ta leƙa taga inda sabon baburinsa yake, ta sake karantawa.

"Tsoho, lambar wa ce wannan?"

Lambar tsohon babur ce, wanda ya sayar tun kaka. Shekara goma sha takwas yana rubuta ta, hannunsa ya rubuta da kansa. Ga shi ofis na rufewa ƙarfe goma sha biyu, ba za a buɗe ba sai bayan hutu. Saura minti ashirin da biyar.

Ya ce a hankali wai ai masu gadin daji duk sun san shi, wa zai tsaya duba lamba.

"Kai ɗin?" in ji Gunvor. "Kai da ka hana yaran gari sakat? A juyo da ni a keken ja kamar buhun dankali, mutane na kallo? Ɗauki hularka."

A motata muka tafi, yana gefe yana ce mini in rage gudu, titi da santsi. Mun tarar da Ristin, ma'aikaciyar ofishin, ta riga ta sa rigar sanyi, makulli a hannu. Tana yarinya Oddvar ya taɓa kora ta gida daga kan tafki. Ya yi mata bayani yana murza hula.

"Kawu Oddvar da kansa?" ta ce. "Bari in zauna, wannan labarin ba a jin sa a tsaye."

Ta kunna kwamfuta, ta sa shi ya faɗi sabuwar lambar sau biyu, ta ce ya ƙara na uku don ta ji daɗi. Ta fitar da sabuwar takarda, ta buga hatimi. Da muka fito ya jingina da mota ya sauke numfashi mai tsawo, ya ce in bari ya huta kafin mu koma.

Washegari da safe na tsaya a ƙofa na ga fitarsu. Gunvor tana keken ja, an naɗe ta da fatu, idanu kawai ake gani, tana ɗaga mini hannu. A mararraba, in ji ta daga baya, masu gadi biyu suka tsayar da su, suka gwada takarda da lamba, suka matsa gefe. Kwana huɗu ta yi a bukkar mahaifinta, ta kama kifi bakwai, shi ya kama biyu.