Kafaɗar Dama ta Da Mwadkon

Mijina Rwang a kan mashin ya rasu, a Titin Bauchi, wata babbar mota ta ture shi yana dawowa daga aiki. Bayan an watse daga zaman makoki, sai na zama duk lokacin da aka tayar da mashin kusa da ni, abin da ke hannuna sai ya faɗi. Ban gaya wa kowa ba. Mai gidan da nake haya a Bukuru, Da Mwadkon, a tsakar gida yake tayar da nasa tun kafin mu tare. Wata safiya ina shara ya taka shi, tsintsiya ta suɓuce mini, na dafe bango. Ya dube ni, ya kashe mashin ɗin, ya tura shi da hannu har bakin layi, can ya tayar. Tun daga ranar bai sake tayar da shi a cikin gida ba, ko da ana ruwan sama. Bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya da baki ba. Shi ya sa nake rubuta wannan, ko da rubutuna ba na masu ilimi ba ne.

Mu Berom muna ce wa dattijo Da, dattijuwa kuma Ngo. Da Mwadkon a wajen Kuru aka haife shi. Yana saurayi ya shiga kamfanin kuza a matsayin masinja, da kamfanin ya mutu ya koma wani ofishin gwamnati, nan ma masinja, har ya yi ritaya. Duk rayuwarsa aikensa ake yi: kai wannan Jos, karɓo wancan a Barikin Ladi. Abin da ya fito da shi daga kamfani shi ne wata jaket ta fata mai kauri kamar sirdin doki. Ba ya hawa mashin sai da ita, domin sanyin Jos ba ya jin roƙo.

Ranar Lahadi bayan sujada a coci, in an ci abinci, sai ya goge mashin, matarsa Ngo Loyis ta ɗaura kallabi ta hau baya, su fita shan iska. Ba sa shirya inda za su. In sun iso mararraba sai ya rage gudu, ita kuma ta buga masa kafaɗa, ta hagu ko ta dama, ya juya. Haka suke yi tun suna amarya da ango. Wata rana su ƙare a Vom, wata rana a bakin kududdufin kuza suna cin gyaɗa, wata rana su ɓace sai sun yi tambaya. Na taɓa ce masa, “Da, kai ba ka da inda kake so ne?”

Ya ce, “Maman Faith, ni direba ne. Oga tana baya.”

Ngo Loyis tana jinsa daga madafa ta ce, “In na bar shi ya zaɓa, tsohon ofishinsu zai kai ni mu gai da maigadi.”

Mace ce mai magana, mai faɗa in ya kama, manomiyar acca ta gaske. Tana da gona a ƙauyensu, kuma ba ta yarda wani ya cire mata ciyawa sai tana tsaye a kansa.

Da farkon wata damina, bayan ta gama shuka, hawan jini ya buge ta a bakin rijiya. Ta dawo daga asibiti ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya ɗan karkace, magana ta tafi. Kalma ɗaya ta rage mata, “To.” Za ki ci tuwo? To. Ba za ki ci ba? To. Ko gyaɗa kai ba a iya dogara da shi, domin wani lokaci kan yana cewa e, idon yana cewa a'a. Macen da muryarta ke kaiwa bayan layi ta zama sai a zaunar da ita a rana a dawo da ita inuwa. Ni nake yi mata wanka da safe, muna yi ina rera mata waƙoƙin zumuntar matan coci, tana kallon bango.

Da ta fara iya zama da kanta, wata Lahadi Da Mwadkon ya tsaya a ƙofata yana murza hula. Ya ce yana so ya fita da ita, amma hannu ɗaya ba zai riƙe shi ba, shi kuwa bai iya goyo ba. Ni kuwa ko kallon mashin ba na son yi. Amma na tuna mutumin da ke tura shi saboda ni. Na ɗauko tsohon zanena mai ƙarfi da majanyin da na goyi 'yata Faith da shi. Muka tura mashin bakin layi, muka ɗora ta, na naɗe su da zani ta ƙarƙashin hammata, na ɗaure a ƙirjinsa, na bar mata hannun hagu a waje. Na toshe kunnuwana ya tayar.

Ko wanke-wanke ban gama ba suka dawo.

A ƙarshen layinmu akwai mararraba. Dama ita ke fita babban titi. Hagu kuwa tana bi ta bayan coci ta zagayo ta dawo da mutum unguwa. Ya ce ya tsaya yana jira, ya daɗe yana jira, sai ta buga masa kafaɗar hagu da ƙarfi, ya juya. Lahadin da ta biyo haka, ta bayanta ma haka. Ya gwada tambayarta tun a gida. Vom? To. Kasuwa? To. Gidan ƙanwarki? To. Na ce masa, “Da, ai hannun hagu kaɗai ya rage mata, ko dama take so hagu za ta buga.” Ya ce ya yi wannan tunanin. Sau ɗaya ya yi gaban kansa ya kai ta Rayfield, ta yi ta dukansa har suka dawo. Ya ce, “Na ga dai gida take so. Ta gaji da ni da mashin ɗina.” A ranar ne na fara ganin tsufa a tafiyarsa.

Ɗansu Chuwang, da ke aiki a Abuja, ya ji labari a waya, ya zo da motarsa ran wata Asabar. Yaro ne mai hankali, tsoro ne ya sa shi ɗaga murya. Ina jinsu ta taga.

“Baba, mace marar lafiya za ka ɗaure a baya kamar buhun dankali? In kuka faɗi fa? Ita ma ba ta so, kai da bakinka ka faɗa. Gobe in an taso coci Romanus zai zo ya tafi da mashin ɗin nan.”

Romanus shi ne makanikin da ke gyara masa mashin shekara da shekaru. Da Mwadkon bai yi musu ba. Ya ce a bar su su fita sau ɗaya kawai, in ta buga hagu, Romanus ya ɗauka.

Da yammacin nan ya ba ni zanena da jaket ɗin, ya ce in taimaka in shanya su, ruwa ya taɓa su. Ina riƙe da jaket sai idona ya sauka a kan kafaɗar dama. Akwai wani tabo fari-fari, ya bushe ya yi zobe a kan zobe, irin wanda yaro ke bari a bayan uwarsa. Na tuna kowace Lahadi in ina kwance su nakan ji danshi daidai wurin, ina ɗauka miyau ne kawai na mai ciwo. To amma in ta kwantar da kai don gajiya, tsakiyar baya take kwantar da shi, na sha gani. Me ke kai bakinta har kafaɗa, kuma kullum ta dama? Na matsa wurin da babban yatsana da duk ƙarfina, ɗaya hannun yana ciki. Ban ji komai ba. Fatar ta fi tafin ƙafa kauri.

Na shiga wurinta na durƙusa. Na ce, “Ngo, da haɓa kike danna shi?” Ta ce, “To.” Wannan ba amsa ba ce, na sani. Amma ta kama wuyan hannuna ta matse har sai da na ji zafi.

Ranar Lahadi Romanus ya iso da wuri, ya zauna a kan benci yana kaɗa ƙafa. Ya ce, “Oga Da, mashin nan ya girme ni. Ka bar shi ya je ritaya, shi ma ya yi aiki.”

Da Mwadkon ya ce, “Kai ne ka tsofar da shi. Duk zuwa sai ka cire masa abu ka ce ya lalace.”

Da muka isa bakin layi na ce, “Da, yau ka cire jaket.”

“A wannan sanyin? Kina so in riga ta tafiya?”

“Ita za a sa wa. Kai rigar coci ta ishe ka.”

Ya dube ni yadda ya dube ni ranar tsintsiya, ya cire. Na ɗaure su, ƙirjinta a kan 'yar rigarsa mai shara-shara, na lulluɓa mata jaket ta baya na ɗaure hannayen rigar. Chuwang ya ce zai bi su a mota ko da wani abu zai faru, ya ce in shigo. Na shiga ina addu'a a zuci, ba doguwa ba, Ubangiji ka sa ya ji.

A mararraba ya tsaya ya sa ƙafa a ƙasa. Daga cikin mota muka ga kallabinta ya karkata a hankali, ta kai haɓa kan kafaɗarsa ta dama ta danna. Ya zabura kamar an tsikare shi da allura. Ya waiwayo, ta sake dannawa. Hannun hagunta yana kwance a cinyarta, bai motsa ba. Ashe duk makonnin nan dama take cewa, in ya ƙi juyawa haushi ya kama ta ta kai masa duka, hannun kuwa hagu kaɗai yake kaiwa.

Mashin ya juya dama. Chuwang ya bi su da kallo, sai da na ce masa, “Ɗana, suna tafiya fa,” sannan ya sa giya.

Suka hau babban titi, suka bar Bukuru a baya. Duk mararrabar da suka isa sai mu ga kai ya karkata ko hannu ya ɗaga. Chuwang ya ce lallai kabarin mahaifinta za ta. Ni na zaci gidan ƙanwarta. Muka wuce duka biyun. Suka sauka daga kwalta suka bi wata hanyar jar ƙasa tsakanin duwatsu, har bakin wata gona mai shingen ƙerana. Gonar accarta ce.

Tun tana asibiti Da Mwadkon yake gaya mata an cire ciyawa, gona ta yi kyau, don hankalinta ya kwanta. Ba wanda ya taka wurin. Ciyawa ta fi accar tsawo. Muka kwance ta muka zaunar da ita a kan wani dutse. Ta dubi gonar, ta dubi mijinta, ta ɗaga hannun hagu ta zuba masa duka a gwiwa.

Ya ce, “Oga, a yi haƙuri. Direba ne ni, ba a aike ni nan ba.”

Ta ce, “To!” Wannan kam kowa ya gane ta.

Ta sunkuya ta kama ciyawar da ke kusa da ƙafarta ta tuge, ta kakkaɓe ƙasar a jikin dutse yadda ta saba, ta jefar. Ta kama wata. Chuwang ya tsaya yana kallon uwarsa, can ya tuɓe takalmansa na ofis ya shiga gona. Accar ya fara tugewa a madadin ciyawa, sai da ta jefe shi da ɓurɓushin ƙasa. Dariya ta kama ni, rabona da irinta tun Rwang yana da rai. Da muka dawo, Romanus yana nan a kan benci. Chuwang ya ce masa ya duba birki da tayar baya, ya bar sauran.

A cikin makon nan mu matan zumunta muka je muka gama mata cire ciyawar, tana zaune a kan dutsenta tana nuna mana inda muka tsallake. Accar ba ta yi yawa ba a shekarar, amma ta ci tuwonta.

Damina biyu suka ƙara suna fita. Magana ba ta dawo ba, sai dai kowace Lahadi ana sanin abin da ke ranta. In tana marmarin cin masa, kasuwar Bukuru. In tana kewar mutane, gidan ƙanwarta. In ya ɓata mata rai a cikin mako, sai ta kai shi hanya mai ramuka. Shi kuwa ya sha mura a lokacin nan ba kaɗan ba, bai taɓa neman jaket ɗinsa ba. Ni ce mai ɗauri da kwancewa, kuma a hankali na daina toshe kunne. Na gode wa Allah da ya sa ni kusa da su na gani da idona.

Ngo Loyis ta rasu bayan girbi, cikin barcin rana, lafiya lau. Mashin ya daɗe a jingine. Wata Lahadi na ga Da Mwadkon ya goge shi ya tura bakin layi, na ji ya tayar. Jim kaɗan ya dawo yana turawa. Ya ce ya isa mararraba ya tsaya, ya yi ta tsayuwa har wani mai keke ya tambaye shi ko mai ne ya ƙare.

Ya jingina mashin, ya cire hula, ya tsaya nesa da ƙofata kamar yadda ya saba.

“Maman Faith, ba cewa na yi ki hau ba, na san ba za ki hau ba. Amma ran Lahadi in na turo shi zan wuce, ki taimaka ki ɗaga mini hannu ɗaya. Ko wanne ne. Na mararrabar farko kawai nake nema, in na wuce ta zan yi ƙoƙari da sauran.”