Karan da na bar wa shanun Arɗo

Tafiyar nan ba ta yi daɗi ba. Na sha wuya, na kashe abin da ya kamata a ci a gida, na dawo da ciwon baya da kwalbar man shanu guda. Masu tambayata a masallaci da wurin mai shayi, ga yadda aka yi, don Allah a bar ni haka.

Gonata ɗaya ce, ta gado, gabas da Makoda. A nan wajenmu gona na jikin gona, babu wadda ake bari ta huta. Abin da ya riƙe tawa shi ne shanun wani Bafulatani da muke kira Arɗo. Tun zamanin mahaifina, da an gama girbi sukan gangaro daga ƙasar Damagaram su sauka a gonarmu. Mu bar musu kara a tsaye, su bar mana kashin shanu. Babu ciniki, babu takarda. Bara ba su zo ba, don an rufe iyaka a rigimar Nijar da ƙungiyar nan ta ƙasashen yammacin Afirka. Dawar da na samu a girbin nan ba za ta kai mu faɗuwar ruwa ba. Takin zamani kuwa ya fi ƙarfina. Bana an ce an buɗe iyaka, amma shiru. Maƙwabta duk sun sare karansu sun sayar, ni na bar nawa, na ce sai na je na ga Arɗo ido da ido.

Mun tashi da asuba ni da ƙanin matata, shi ya san hanya. Babur ya kai mu Ɗambatta. A tasha da aka faɗa mini kuɗin mota zuwa Daura, na zaci na mu biyu ne, ashe na mutum ɗaya ne. Direba ya ce in je in tambayi gidan mai. Aka cusa mu kamar buhunan gyaɗa, gwiwata a bayan wani, akuyar wata tsohuwa a kan ƙafata. Mun wuce duwatsun Kazaure, gonaki duk an share su tas, ko kara ɗaya ba a bari ba. A Daura muka sayi ƙosai. Ƙosan yanzu sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an sa masa wani abu.

A Kwangwalam, bakin iyaka, na tsaya ina kallo. Na san wurin nan da manyan motoci jere, masu dako na gudu, masu abinci ba sa zama. Yanzu rumfuna da yawa a rufe, masu dako na kwance a inuwa. Wani ya ce mini 'yan kasuwa sun koyi wasu hanyoyin lokacin rufewa, wasu kuma jarinsu ya ruɓe a cikin mota, ba su sake tashi ba. Masu kaki sun duba goron da na riƙo wa Arɗo, sun daɗe suna dubawa, har ya ragu.

Ɗan canjin da na samu Badamagare ne, abokin wasanmu Kanawa. Na miƙa masa nairata dami guda, ya miƙo mini sefa 'yar kaɗan.

Na ce, "Malam, saura fa?"

Ya ce, "Bakano, kuɗinku ne ya rame, ba ni na rage ba. Da ku ne iyayen gidanmu, yanzu ko bawa ba ma saya da wannan takardar."

Na yi dariya don al'ada ce, amma ba ta kai ciki ba.

Muka ƙetare zuwa Matamaye, daga nan amalanken shanu muka hau, cikin rairayi, har rugar. Arɗo ya tsufa. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, aka kawo fura da nono mai kyau irin wanda na manta da shi. Sai da muka yi la'asar na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Kaɗo, ka bar karan a tsaye?"

Na ce, "Yana nan, Baba. Ko akuya ban bari ta shiga ba."

Ya nuna mini garken. Bai kai rabin wanda na sani ba. Ya ce bara da aka tsare su a arewa ciyawa ta ƙare, wasu suka mutu, wasu ya sayar a wulaƙance. Ya ce da can ƙungiyar nan ta yarda dabba ta ƙetare ta dawo, yanzu ƙasarsu ta ce ta fita daga ciki, kuma duk wanda ya tambaya amsarsa daban.

"In na shiga aka sake rufewa ina can fa? Kai babur za ka hau ka bi ta gonaki. Saniya ba ta iya ɓuya."

Na ce ko goma ya ba ni, in kora da kaina. Ya ce 'ya'yansa ba za su yarda ba, kuma shi ma ba zai tilasta musu ba. Ban ga laifinsa ba. Washegari da za mu tafi matarsa ta ba ni man shanu a kwalba, shi kuma ya rako mu har bakin hanya, yana cewa in Allah ya gyara, baɗi. Daga ni har shi babu wanda ya kalli wani.

Muka kamo hanyar gida. A mota rediyo na ta bayanin manya sun zauna taro kan kasuwanci da zuba jari tsakanin ƙasashe. Ni ban yi boko ba, ban san me suke sa wa hannu ba. Abin da na gane a tafiyar nan shi ne, in sun yi faɗa a can sama, gonata ce take kwana da yunwa, kuma in sun shirya babu mai zuwa ya gaya wa shanu.

Na iso gida bayan magariba. Uwargida ta ga kwalbar, ba ta tambaye ni komai ba, ta zuba mana man a tuwo, yara suka yi ta murna.

Da gari ya waye na ɗauki adda na tafi gona. Maƙwabcina mai kiwon raguna, wanda ya daɗe yana taya karan ina hana shi, ya leƙo ta kan iyakar gona ya ce, "Malam, baƙin naka sun kusa?"

Na ce, "Kawo amalankenka."

Na fara sara daga gindin gawon da Arɗo yake kafa bukkarsa.