Sanyin Ƙasan Ramin Mpape

Jiya da azahar na buɗe famfo zan yi alwala, ruwan ya zubo mini da zafi kamar an sauke shi daga wuta, don tankin ya wuni a rana. Na bar hannuna a ciki ina jira ya huce. A tsayuwar nan kakana ya faɗo mini a rai.

Ina aji huɗu a firamare aka kawo shi gidanmu a Mpape, bayan rasuwar kakarmu. Babana direban tifa ne, tsakuwa yake ɗauka daga wurin fasa dutse. Kakana kuwa Basarke ne daga ƙasar Yawuri, a jirgin kamun kifi ya girma, a cikinsa ya tsufa. Da ya zo sai ya tarar da tudu da duwatsu da kwanon rufi mai zafi. Yakan zauna a ƙofar ɗaki da hannuwansa a kan gwiwa, manyan hannuwa masu kanta, ba su da abin yi.

Ruwa ɗaya ne a kusa da mu. Wani tsohon rami ne da masu fasa dutse suka haƙa suka bari, ruwa ya cika shi, kore shar, ba ya gudu, ba ya ƙafewa. Can mata ke wanki, masu babur su wanke baburansu, Fulani su shayar da shanu ta gefen da ke da gangara. Kullum da hantsi kakana sai ya sauka can, ni kuma in babu makaranta ina biye da shi. Ba na magana sosai a lokacin. Ko malami ya kira sunana a aji, sai na ji harshena ya yi nauyi. Shi bai damu ba, shi ke yin maganar mu biyu.

Yakan durƙusa ya tsoma gwiwar hannunsa a ruwa, ya lumshe ido. Daga bakinsa na koyi cewa ruwa ma yana da lokutansa. Da hunturu, in ji shi, kogi da sassafe ya fi iska ɗumi, har tururi yake yi, sanyin a fitowa yake jiran mutum. Da damina ruwa ja ne, mai fushi, yana jan itatuwa, ba a iyo sai dole. Da bazara kuwa yakan kwanta, ya yi ɗumi tun daga sama har ƙasa, lokacin ne ake koya wa yara nutso.

Babana ya roƙe shi. “Baba, don Allah kar ka shiga ramin nan. Ba a san zurfinsa ba.”

“Kai da na koya wa iyo, kai ne yau kake mini gargaɗin ruwa?”

Akwai abin da na sani game da ramin wanda shi bai sani ba. Innata tana sayar da zoɓo a robobi, ba mu da firji. Da zafi ya tsananta, sai ta riƙa ba ni robobin a buhu, in sa dutse a ciki, in ɗaure da doguwar igiya, in zura daga kan wani falalen dutse. Na gwada sau da yawa. In na saki igiya kaɗan, zoɓon ya dawo da ɗumi. In na sake ta har ƙulli na uku da na yi mata, wajen tsayin mutum biyu, robobin su fito da raɓa a jikinsu, su sa yatsuna ciwo don sanyi. Ruwan kogi yana tafiya yana gauraya kansa. Na ramin kuwa a tsaye yake, rana ba ta taɓa kai wa ƙasansa ba.

Wata Asabar a tsakiyar bazara igiyar ta suɓuce mini. Ina kallo wutsiyarta ta bi buhun ta ɓace. Na zauna a kan dutsen ina hawaye ba sauti.

Kakana ya taso, ya tsoma gwiwar hannu, ya yi murmushi. “Ruwan ya nuna. Share hawayenki, amarya. Mijinki bai mutu ba tukuna.”

Ya cire riga. Masu wankin babur suka daina aiki suna kallo, ɗaya ya ce, “Baba, a hankali fa.” Maganar tana bakina: Kaka, ƙasan da sanyi. Kalma huɗu. Amma maza sun kai takwas a wurin, duk idonsu a kanmu, kuma wace ce ni da zan faɗa wa Basarke halin ruwa? Na sunkuyar da kai.

Ya shiga ba tare da ya fantsama ko ɗigo ba. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Ya nutsa.

Da ya taso ba kamar yadda ya shiga ba ne. Bakinsa a buɗe, hannu ɗaya na dukan ruwa, ƙafafunsa sun ƙage. Wani Bafulatani ya kwanta a kan dutsen ya miƙa masa sanda, mutum biyu suka riƙe ƙafafun Bafulatanin, aka jawo shi. Jikinsa na rawa a cikin wannan ranar da ke ƙona tafin ƙafa. Da suka ga yana numfashi sai dariya ta zo musu.

“Baba, ashe kifin ya tsufa.”

Ya ɗauki rigarsa ya sa. A hanyar gida ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. Wajen rabin tudun ya tsaya ya ce, “Ruwa ya sallame ni, amarya. Jikin ne ya ƙare.”

Ba jikin ba ne. Ko saurayi ne ya faɗa wannan sanyin bayan ɗumin sama, haka jijiyoyinsa za su ɗaure. Na sani tun a lokacin, a yatsuna na sani. Amma in na faɗa, sai na faɗi cewa na yi shiru ɗazu.

Bai sake sauka ramin ba. Ya daina ba ni labarin kogi. Innata ba ta yi mini faɗan robobin ba, wannan ma ya ƙara mini nauyi. Tari ya kama shi da ruwan farko, kafin damina ta fita aka binne shi a jar ƙasar da babu ko rafi kusa da ita.

Yanzu an kewaye ramin. Mutane na zuwa daga cikin gari da motoci su ɗauki hoto, an kafa allo an hana iyo. Ni kuma na zama malamar makaranta, ina wuni ina magana a gaban yara, ba wanda zai yarda na taɓa jin nauyin baki. In na hango yarinya a kujerar baya ta buɗe baki ta rufe, nakan dakatar da darasi in je kusa da ita in jira, ko da ajin zai yi ta surutu. Wasu sukan faɗi abin da ke bakinsu. Kakana dai ya tafi yana zaton tsufa ne ya kayar da shi.