Ɗorawar Inna a Gonar Wani

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanena, shi ke tuƙi. Inna, mahaifiyarmu, ce ta aike mu. Tana da ɗorawa guda a wani ƙauye a bayan Kurfi, wadda ta gada wajen tata uwar. A danginmu haka aka saba: in maza sun ɗauki gona, sai a bar wa mace itacen da ke ciki, ko an sayar da gonar itacen na nan a nata. Duk bazara akan aiko mata da kalwa ta yi daddawarta da hannunta. Bana sai ga saƙo wai wanda ya sayi gonar zai sare ɗorawar ya dasa itacen turare. Tun ranar Inna ta rage cin abinci, ga ciwon ƙafa ya hana ta zuwa da kanta.

Mun bi ta Bichi da Tsanyawa, a Kankiya muka karya muka nufi Dutsin-Ma. Hanyar ba laifi, sai dai ƙanena na da baiwar gano rami, ko ɗaya ne a titi sai ya faɗa shi. Da yake zancen itace ne ya fito da ni, sai na tsinci kaina ina kallon itatuwa, abin da ban taɓa yi ba. Ƙofar makaranta darbejiya, bakin kasuwa darbejiya, gaban masallaci darbejiya. Kuka da tsamiya sai jefi-jefi a can cikin gonaki, kuma duk tsofaffi. Ƙanena ya ce asalin darbejiya daga Indiya take, turare kuma daga Ostireliya, yanzu da wuya ka je ƙasa mai zafi ba ka tarar da su ba. Ban musa ba, don ni ma a filin Arfa inuwarta na sha.

A Dutsin-Ma muka karya kumallo da waina da soyayyen kifin madatsar ruwan Zobe. Kifin ya yi daɗi, kuɗinsa ne dai ya sa na ci har ƙaya. Kusa da mai wainar akwai mai sayar da dashe, ya jera su cikin baƙaƙen leda: mangwaro, gwaba, kashu, turare, da darbejiya da mutanen nan ke kira bedi. Na tambaye shi ko yana da ɗorawa. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Haba Hajiya, wa ke dasa ɗorawa? Ai iccen Allah ne, da kanshi yake fitowa."

Na yi dariyar ni ma, don haka muka taso muna ji. Sai da muka hau hanyar Kurfi maganar ta fara damuna.

Daga Kurfi muka sauka titi muka bi hanyar ƙasa. Rana ta take, gonaki fayau, an share ana jiran ruwa. Mai gonar wani Alhaji ne ɗan kasuwar hatsi. Na taho da faɗa cike da bakina, tun daga Kano nake shirya shi, sai mutumin ya tarbe mu da fura mai sanyi, ya tambayi jikin Inna kafin ma mu zauna. Ya ce gaskiya ne ya yi niyyar turare, don yana saurin girma, magina kuma na neman sandunansa. Amma da ya ji mai itacen na raye ya fasa.

"Muddin tsohuwa na da rai ba mai sa mashi gatari," in ji shi. "Amma ku taso ku gani da idonku."

Rabona da ɗorawar tun ina budurwa. A da in kin tsaya gindinta ba kya ganin sama. Yanzu rabinta ya bushe ƙayau, kauci ya kama sauran rassan, 'ya'yan da ke reto a jiki ba su cika kwando biyu ba. Na dafa ta, ɓawon ya ɓare a hannuna. Na ji kunyar faɗan da na ɗauko, na kuma ji baƙin ciki sosai.

Na zaga gonar ina neman ƙaramar ɗorawa, ko da mai kai gwiwa ce. Babu. Na leƙa gonakin maƙwabta, nan ma babu. Abin da ke tsirowa a gindinta kuwa 'yan darbejiya ne birjik, tsuntsaye sun sha 'ya'yan a cikin gari sun zo sun yar da ƙwallon. Kalwar ɗorawa mu ke kwashe ta kaf mu kai tukunya, 'yar da ta kuɓuta ta tsira, garma ta tumɓuke ta ko akuya ta cinye. Alhaji ya sa aka kaɗo mana abin da ya samu, aka zuba a buhu. Ba mu jira la'asar ba muka juyo, saboda yanayin hanya.

A mota na yi ta juya abin. Ban ga laifin darbejiya ba, ta ba mu inuwa lokacin da muke nemanta. Mu ne muke yi wa baƙon itace shinge, mu ba shi ruwa safe da yamma, namu kuwa muka ce na Allah ne, muka ci 'ya'yansa shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tona rami dominsa. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan.

Mun iso gida ana kiran magariba. Inna na zaune a tabarma, ko sannu da zuwa ba ta yi mana ba.

"An sare?"

Na ce ba a sare ba, kuma Alhaji ya yi alkawari ba za a taɓa ta ba. Ta yi hamdala. Ta jawo buhun, ta ɗaga shi da hannu ɗaya, ta ji nauyinsa, ta ajiye. Sannan ta tambaya ko akwai ƙanana a kusa da ita. Na so in yi mata ƙarya, na kasa, na ce babu.

Ta ture buhun gefe. Can ta ce, "To, ku gaya wa Alhaji ya tanadi turarensa. Ni da ita ba za mu daɗe muna tsare masa wuri ba."