Takardar da Naja'atu Ta Ƙi Sa wa Hannu

Shekara goma sha shida Naja'atu ta yi tana allurar rigakafi a wani ƙaramin asibiti da ke gefen Toranke. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta taɓa yarda wani ya riƙe mata akwatin sanyinta ba, ko a kan babur.

Shekarar da aka kawo rigakafin korona, aka ba ta takarda ta riƙa rubuta duk wanda allurar ta sa wa zazzaɓi ko ciwon hannu. Bayan sati biyu sunaye tara ne a kai: malaman firamare biyar, ma'aikatan asibiti uku, sai wani mai shagon magani. Manoma sama da ɗari ta yi wa allurar, amma babu ko ɗayansu a takardar.

Malam Sharfaddeen, mai zuwa duba aikinsu, ya karanta ya yi murmushi.

"To Malama, rubuta manoma lafiya lau, ki sa hannu. Masu biro ne jikinsu ba ƙwari."

"Ba zan sa ba, Yallaɓai."

"Wani ya kawo ƙorafi ne?"

"Malami yana zuwa ne don ya samu takardar hutu. Manomi wa zai kai wa takarda? Gyaɗa?"

Ya ce in takardar ba ta same shi a Ajingi ranar Alhamis ba, zai cire sunanta daga masu rigakafi.

Lokacin cirar gyaɗa ne, don haka gona ta bi mutane. Ta fara da Baffa Tukur, ƙanin mahaifinta.

"Baffa, allurar nan ta sa maka ciwo?"

"Ciwo? Ni da kika tarar a tsaye?"

A wurinsu, wanda bai kwanta har aka zo gaishe shi ba, bai yi ciwo ba. Sai ta sauya tambaya.

"Washegarin allurar, yaushe ka tashi daga gona?"

"Da hantsi."

"Kai da ba ka tashi sai la'asar?"

Matarsa Gaji tana gindin bishiya tana tsinkar gyaɗa. Ta ce, "Rubuta, 'yar nan. Bargo biyu ya lulluɓa da rana tsaka, wai sauro yake gudu."

"Ke wa ya tambaye ki?" in ji Baffa.

Naja'atu ta juya wurin Gaji. "Ke fa, Inna?"

"Ni dai ranar taɓarya ta gagare ni ɗagawa."

Kwana huɗu tana bin gonaki. Ta samu mutum arba'in da ɗaya da allurar ta taɓa, ta kuma rubuta cewa dukansu sun warware cikin kwana biyu. Sai ranar Asabar ta isa Ajingi.

Malam Sharfaddeen ya ce takardar ta waɗanda suka kawo kansu ce, ba waɗanda aka bi ba.

"Ga hannuna a kan wannan," ta ce. "Waccan kuwa a nemi mai sa mata."

Ya cire sunanta.

Da allura ta biyu ta zo, aka turo wata ma'aikaciya. Baffa Tukur ya zauna kan benci da manoma kusan ashirin, ya ce ba zai naɗe hannun riga ba sai ga wadda ta bi shi gona ta tambayi jikinsa. Har azahar ba wanda ya motsa. Washegari aka aika a kira Naja'atu.

Har yau, kafin ta yi wa manomi allura, takan ce masa, "Mai yiwuwa gobe ka tashi daga gona da hantsi. In ka tashi, ka zo ka faɗa mini. In ba ka zo ba, matarka zan tambaya."