Yatsa Biyu a Bangon Ɗakin Mai Jego

A da, kullum rana ba ta gama fitowa ba, za ka ga Malam Jumare magini ya turo tsohon kekensa ta Ƙofar Doka, jaka rataye a wuya. A cikinta akwai cokalin gini da wani zare mai ɗan dunƙulen dalma a ƙarshensa. Ba ya aza bulo ko ɗaya sai ya hau ginin jiya ya saki zaren nan daga sama, ya jira dalmar ta daina lilo. In zare da bango sun tafi tare har ƙasa, a ci gaba. In sun rabu, a rushe. Da sassafe yake awon, kafin iska ta taso ta kaɗa masa zare.

Shekara arba'in ya yi yana haka, tun yana ginin tubali har bulo ya shigo gari. Yana kuma da wata al'ada da 'yan'uwansa magina ke masa dariya a kai: damina na wucewa, sai ya bi gidajen da ya gina yana sake auna su, ba wanda ya kira shi.

Ni ma na taɓa jin haushin al'adar nan, ba zan ɓoye ba. A shekarar 1988 matata Mariyamu ta haihu a gidan mahaifiyarta, Hajiya Barira, a ɗakin da Malam Jumare ya gina. Saura kwana uku suna sai ga shi da sallama. Ya jingina tsani, ya saki zare. Bangon da gadon mai jego ke jikinsa ya karkato da faɗin yatsa biyu. Mu dai da ido ba mu ga komai ba.

"Hajiya, a fitar da mai jego da jinjirin yau," in ji shi.

"Haba Malam! Baƙi na tafe har daga Tukur-Tukur. Ka bari a yi suna mana."

"Wallahi da da hali da na bari. Amma zaren nan ba ya jin kunyar kowa, har ni."

Na ce a raina wannan tsoho akwai taurin kai. Sai ga shi ya juya ga mutanen da suka taru a zaure, ya ce laifinsa ne. Wurin tsohon kududdufi ne da aka cike, shi kuma bai zurfafa harsashi yadda ya kamata ba. Magini da bakinsa, a cikin birnin da magana ba ta kwana! Kowa ya san zai iya rasa aiki a kan wannan.

Aka kwashe kaya, Hajiya na ta mita. Da aka cire rufin kwano da katakon da ke riƙe da ginin, Malam Jumare ya dafa bangon da hannu ɗaya ya tura. Bango ya tafi gaba ɗaya. A rumfar zana aka yi suna, kuma ban taɓa halartar sunan da ya kai shi daɗi ba.

Malam Jumare, kai ne ka zaɓi a yi da kai a gari a kan a yi mana ta'aziyya. Kai ne ka sake tayar da ɗakin nan da hannunka, yau shekara tara yana tsaye kyam. Na gode, kuma ka yafe mini abin da na faɗa a raina ran nan. Gangaran, mai zaren gaskiya!

Bana ya ajiye cokali, ido ya yi rauni. Amma kafin nan aiki bai gudu daga gare shi ba kamar yadda aka zata, don tun daga ranar da bangon nan ya faɗi mai son gini na ƙwarai shi yake nema. Maginan da suka koya a hannunsa, ina roƙonku ku riƙa komawa kan aikinku bayan damina, ko ba a kira ku ba.

Makon jiya ya zo gidan Hajiya, yana lalube. Yakubu ɗana, jinjirin wancan ɗaki, shi ya hau tsani ya saki zaren. Tsoho ya durƙusa ya shafa tsakanin zare da bango da yatsunsa, ya ɗago yana murmushi.

"Yakubu, gaya wa kakarka ta kwana lafiya," in ji shi.